Amsa ga mai tambaya kan aikin jirgin dakon mai

Assalamu alaikum. Ɗana, ka ce an yi maka tayin aiki a jirgin ruwan dakon ɗanyen mai, mahaifiyarka ta hana kanta barci don an gaya mata jirgin wuta ne, kana son jin ta bakin wanda ya taɓa yi. Ni a ɗakin famfo, inda injinan tura mai suke a irin wannan jirgi, na yi yawancin ƙuruciyata kafin na yi ritaya, don haka ga abin da na sani.

Tsoron mahaifiyarka yana da tushe, amma ba inda mutane suka zata haɗarin yake ba. Jirgi idan yana cike da mai, hankalinmu ya fi kwanciya. Lokacin da aka sauke kaya, tankuna suka zama fanko, a nan ne muke kama kanmu, domin tururin mai ne ke cika su. Duk mai sayar da fetur a bakin titi ya san jarkar da aka juye ta fi cikakkiya saurin tashi. A watan Disamba na 1969 manyan jirage uku, Marpessa da Mactra da Kong Haakon VII, suka fashe ɗaya bayan ɗaya, dukkansu ba kaya, ana cikin wanke tankunansu. Marpessa ma nutsewa ya yi a tekun Afirka ta Yamma, yana dawowa daga tafiyarsa ta farko. Bincike ya nuna feshin ruwan wankin ne ke tara lantarki a cikin tanki har ya ba da tartsatsi. Daga nan aka koma tura hayaƙin tukunyar injin cikin tankuna bayan an wanke shi da ruwan teku, don oksijin ya sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100, inda wuta ba ta da abin ci. Mu da muka shigo daga baya albarkacin waɗanda suka rasu muka ci.

To amma iskar da ta hana wuta ita ce kuma ke kashe mutum. A nan nake so ka buɗe kunne sosai. Tanki ba a shigarsa sai an hura masa iska mai kyau, an zura na'ura ta nuna oksijin kashi 21, cif ofisa, wato mataimakin kyaftin, ya sa hannu a takarda, an tsayar da mutum a bakin rami da rediyo. Akwai kuma wata iska a wasu nau'o'in ɗanyen mai, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta yi yawa hancinka ne ke fara mutuwa, ka zaci ta wuce. Na taɓa tsayawa a bakin tanki wani abokin aikinmu ɗan Filifin yana ƙasa, sai na ga hasken tocilarsa ya daina motsi. Wani yaro da ke kusa da ni ya sa ƙafa a tsani zai sauka, bosin, wato shugaban ma'aikatan saman jirgi, ya damƙi wuyan rigarsa ya fizgo shi baya, ya danna ƙararrawa. Sai da mutum biyu suka goya tukunyar numfashi sannan aka sauka, aka ɗaure shi da igiya aka jawo. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da yaron nan ya sauka haka, biyu za mu ciro, kuma ba lallai da rai ba. Zuciyarka za ta ce maka shiga ka ceci ɗan'uwanka. Kada ka shiga.

Abu na biyu, wanda ba a faɗa wa sababbi: idan don ka ga duniya za ka tafi, wannan ba jirginka ba ne. Babban jirgi mai ɗaukar ganga miliyan 2, tsawonsa ya haura mita 300, ba ya shiga gari. Sau da yawa a tsakiyar ruwa ake ɗaure shi, a jawo tiyo a haɗa, cikin kwana ɗaya ko biyu an cika, an kama hanya. Na je Ras Tanura ta Saudiyya ban taka ƙasarta ba. Na yi lodi a Forcados ta Jihar Delta ina hango fitilun ƙasata da dare, ba halin sauka. Daga Tekun Fasha zuwa Rotadam ta ƙasar Holan, idan aka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, ya fi wata guda, ba abin da kake gani sai ruwa da bututai. A shekarun yaƙin Iran da Iraƙi, daga 1984 zuwa 1988 da aka riƙa harbin jiragen mai, mukan ratsa mashigin Hormuz da rigar ceto a gefen gado. Kaɗaici dai ya fi wannan cin rai. Yanzu kuna da intanet, mu wasiƙa muke jira.

Salla kuwa ba ta gagara. Alƙibla takan juya da jirgi, sai ka leƙa wajen masu tuƙi su duba maka. Ka yi wa mai dafa abinci bayani tun ranar farko game da naman alade da sahur, yawancinsu suna da kirki.

Ra'ayina, ka karɓi aikin. Albashinsa ya fi na yawancin jiragen kaya, dokarsa ta fi tsauri, kuma tsaurin ne ke riƙe ka da rai. Sai dai kafin ka sa hannu, ka tabbata kana da takardar horon aikin jiragen mai da littafin ma'aikacin jirgi daga NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya. Ka karanta kwantiragin da kanka: wata nawa ne, wa zai biya kuɗin dawo da kai gida, me za a ba iyalinka idan wani abu ya same ka. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta hana dillali karɓar kuɗi a hannunka don ya sama maka aiki, saboda haka duk wanda ya ce ka kawo wani abu tukuna, ka rabu da shi. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka karanta mata wannan. Allah ya tsare hanya.