Daga Gombe zuwa Abuja a jirgi, awa nawa ne?

Malam, ka tambaya nisan Gombe da Abuja ta sama da tsawon lokacin tafiyar, saboda kana da intabiyu ƙarfe 2 na rana kuma kana son ka tashi ranar da safe.

Daga filin jirgin Lawanti zuwa na Nnamdi Azikiwe nisan ya ɗan haura kilomita 400 in aka miƙe kai tsaye. A sama kam abin bai kai awa ɗaya ba yawanci, da ka gama shan ruwan da suka ba ka sai ka ji ana cewa a ɗaura bel. Ta mota kuwa sai ka bi Bauchi, Jos, Akwanga, Keffi, kilomita sama da 500 ne, ka ware awa 8 ko fiye, ya danganta da direba da shingayen hanya.

Amma fa kar awa ɗayan nan ta ruɗe ka. Lawanti ba cikin gari yake ba, yana can kan hanyar Bauchi, kuma ana so ka iso tun kafin lokacin tashi saboda bincike da awon kaya, sannan in ka sauka Abuja ma filin jirgin yana da kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari ga cunkoson Lugbe yana jiranka. Ga kuma ɗaga lokaci, musamman da hunturu in hazo ya rufe sai jirgi ya kasa sauka gaba ɗaya.

Ni dai da ni ne, ana gobe zan tafi in kwana can. Allah Ya ba da sa'a.