Tambaya da Amsa: In Sayo Kayan Ginin Gidana da Kaina, ko In Bar wa Magini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jega, Jihar Kebbi, kuma ina shirin gina gida mai ɗaki uku da falo a filin da na mallaka. Maginin da na samu ya ba ni zaɓi biyu: ko dai in ba shi jinga gaba ɗaya, ya sayo komai tun daga siminti har makullin ƙofa, ko kuma in riƙa sayo kaya da kaina, in biya shi kuɗin aikinsa kawai. Yayana ya ce in saya da kaina domin kada a cuce ni, amma ni ban san kan kayan gini ba. Wanne ya fi dacewa da ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa a fara a sa'a, Ya nuna mana kammalawarsa lafiya. Shawarar yayanka tana kan hanya, sai dai akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka taka kasuwa, wato duk wanda ya sayo kaya da hannunsa ya ɗauki alhakin ingancinsu a kansa. Idan bango ya tsage ko bututu ya fashe, magini zai ce kayan da aka kawo masa ne ya yi aiki da su, kuma ba ka da bakin musu. Saboda haka ina ganin ka saya da kanka, amma bisa rubutaccen jerin kaya wanda maginin ya tsara, ya faɗi yawa da girma da irin kowane abu, ya kuma sa hannu, sannan ka kai wa wani injiniya ko gogaggen magini wanda ba shi da ko sisi a aikin ya duba maka shi. Mai aikin lantarki da mai aikin famfo su ma kowa ya rubuta nasa.

Inda nake so ka fi tsayawa da ƙafarka shi ne kayan da ake binnewa cikin gini, domin da zarar an zuba kankare ko an yi shafe, ido ba zai sake ganinsu ba, kuma gyaransu sai an fasa bango. Na farko shi ne rodi. Tsawonsa na ƙa'ida mita 12 ne, kuma sanda ɗaya mai kaurin milimita 12 nauyinta ya kamata ya kusanci kilo goma da rabi, abin da ke nufin tan ɗaya zai ba ka sanda 93 ko 94. Idan mai shago ya lissafa maka sanda ɗari da wani abu a tan guda yana nuna maka ya yi maka alheri, to, ka sani rodin ne bai cika kauri ko tsawo ba. Ka tafi da tef ɗin awo, ka auna a gabansa, babu kunya a cikin wannan.

Na biyu shi ne wayar lantarki, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin mugunyar waya gobara take jawowa cikin dare mutane suna barci. Ana amfani da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 wajen fitilu da fanka, mai 2.5 wajen soket, sannan mai 4 ko 6 wajen na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar dafa ruwa. Akwai wayar da ake yi da alminiyom a shafe bayanta da jan ƙarfe, wadda ke ɗaukar zafi da wuri, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40 kuma kowace fanka tana juyawa dare da rana. Ka feƙe bakin wayar, ka kankare ta da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, ka ajiye musu abarsu. Ka kuma nemi kayan da ke ɗauke da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, duk da cewa tambarin ma akan yi jabunsa, shi ya sa gwajin hannu ya zama dole. Bututun ruwa shi ma haka ne, wanda zai ɗauki ruwan tanki ko na burtsatse ya zama mai kauri, kuma a cika shi da ruwa a gwada kafin a rufe shi da siminti.

Game da bulo, idan da hali ka sa a buga maka a filinka da simintin da ka saya, kada buhu ɗaya ya wuce bulo talatin mai inci tara, a kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Yashi da tsakuwa kuwa ka iya bar wa magini, tunda ya san masu tifa, kai dai ka duba cewa yashin ba ya haɗe da laka.

Kayan da ido zai gani kullum, kamar tayil da ƙofofi da tagogi da kawunan famfo da makunnin wuta, su kam babu dalilin da zai sa wani ya zaɓar maka, domin kai da iyalinka ne za ku zauna da su shekara da shekaru, kuma yana da kyau uwargida ta sa baki a abin da ya shafi ɗakin girki. Ka sayi tayil ɗin ɗaki gaba ɗaya a lokaci guda, ka ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, don in ka koma bayan wata biyu da wuya ka sami launi iri ɗaya. Kada ka ba da aikin ƙofa ko taga sai an gama jera bulo an auna gurbinsu. Mutane da yawa suna tafiya har Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman sauƙi, kuma akan samu idan kayan suna da yawa, amma ka haɗa kuɗin mota da na dako da asarar abin da zai fashe a hanya kafin ka yanke hukunci. Ka karɓi rasit a kan komai, ka kuma yi yarjejeniya da mai shago cewa zai karɓi rarar da ba a buɗe ba.

Akwai kuma batun da ba a cika faɗa ba. Magini yakan sami ɗan alheri daga sayayya, to idan ka karɓe wannan daga hannunsa, ka kyautata kuɗin aikinsa, kuma kada ka bar ma'aikatansa zaune suna jiran kaya, domin ranar da suka yi a banza a aljihunsa take fita.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar asibiti ce a Gusau. Ina so in riƙa sayen siminti kaɗan-kaɗan duk wata ina tarawa saboda tashin farashi, sai baɗi in fara gini. Ko hakan ya yi?

AMSA: Hajiya, niyyarki mai kyau ce, amma siminti ba ya jure ajiya. Buhun nan mai kilo 50, na Dangote ne ko na BUA da ake yi a Kalambaina kusa da Sakkwato, yana shan danshin iska ko ba a buɗe shi ba, bayan kamar wata uku ƙarfinsa yakan fara raguwa, idan kuwa damina ta ratsa shi sai ki tarar ya dunƙule. Abin da ya fi shi ne duk abin da kika saya ki sa a buga bulo da shi nan take, tunda bulo yana iya shekara a jere ba tare da ya lalace ba. Kwanon rufi da tayil da waya su ma suna ajiyuwa a ɗaki mai makulli. Idan dole sai kin ajiye siminti na 'yan makonni, a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, a lulluɓe da leda, kada jerin ya wuce buhu goma, kuma a fara aiki da wanda aka fara sayowa.