Shin Nisa Da Abokan Sakandare Yanke Zumunci Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekara 6 muka yi a makarantar kwana da wasu abokaina, kwano ɗaya muke ci. Tun da muka rubuta WAEC da NECO kowa ya kama gabansa. Ni ina jami'a a Zariya, wani yana Kantin Kwari wurin yayansa, wani ma ban san inda yake ba. Sai a yi wata da watanni ba ko waya. Kwanaki ɗayansu ya ce na yanke zumunci, kuma haramun ne a ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku. Ina da laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abokinka ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya, kuma ko ɗaya bai hau kanka ba, in dai lamarin yadda ka faɗa yake.

Zumuncin da aka yi narko a kan yanke shi a Suratu Muhammad, aya ta 22 da 23, da hadisin Jubairu ɗan Muɗ'imu cewa mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba, na dangi ne, waɗanda jini ya haɗa ku. Abokin aji ba ya cikinsu sai in ɗan'uwanka ne.

Maganar kwana uku kuma hadisi ne ingantacce. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Ayyub Al'ansari, Allah ya yarda da shi. Amma mutane kan tsaya a rabinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gaba da siffanta ƙauracewar: su haɗu, wannan ya kawar da kai, wancan ya kawar da kai, kuma mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Ka ga ke nan gaba ake nufi, wadda ake yi da gangan saboda abin da ke cikin zuciya. Wanda karatu ko neman abinci ya raba shi da abokinsa bai ƙaurace masa ba. Sahabbai da kansu sun warwatsu bayan wafatin Annabi, wasu Sham, wasu Kufa, wasu Masar, ba wanda ya kira wannan gaba. Ko inda aka yi gabar ma, Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, sai dai bai kamata ya daina yi masa magana bayan sallamar ba.

To, amma ka binciki zuciyarka, don a nan na fi jin tsoro. Sau da yawa ba nisa ke raba abokan makaranta ba. Wani ya ci JAMB, wani bai ci ba. A hutu sai ɗan jami'a ya hango tsohon abokinsa yana jan Keke Napep, ya sunkuyar da kai yana danne-dannen waya kamar bai gan shi ba. Wannan ba shagala ba ce, girman kai ne, kuma a hadisin Ibnu Mas'ud da ke Sahihu Muslim an fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. In wannan ne ya hana ka kira, akwai laifi, sai ka tuba. Shi ma wancan, in hassada ce ta sa ya ja baya, nasa laifin na kansa.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ƙare makaranta bai sauke su ba. In ya yi sallama ka amsa, ko ta saƙon waya ce. In ka ji ba shi da lafiya ka gaishe shi, in ya rasu ka raka shi gwargwadon iko. In ya gayyace ka walimar aure da sunanka, malamanmu Malikawa sun ce amsawa wajibi ce matuƙar babu uzuri ko abin ƙi a wurin. Katin da aka watsa wa kowa a zauren WhatsApp na 'yan aji bai zama wajibi a kanka ba. Bashin da ka ci a hannunsa yana nan, ko na garin kwaki ne a ƙarshen zango. Sirrinsa da ka sani amana ne har abada.

Abin da ya wuce wannan falala ce, kuma babba. Nana A'isha ta ce Annabi yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija da naman, bayan rasuwarta. Don haka kira ɗaya da Sallah, ko leƙawa rumfar wancan na Kwari in ka shiga Kano, aikin lada ne.

Sai dai in akwai wanda zama da shi ke jawo ka ga shaye-shaye ko wasa da salla, shi kam ja da baya ya halatta. Ibnu Abdil Barri ya kawo haɗuwar malamai a kan halaccin nisantar wanda kake tsoron ya ɓata maka addini ko ya cuce ka. Ka riƙe sallama da nasiha, ka bar zaman majalisarsa.

Shi wanda ya yi maka ƙorafin nan, ka kira shi cikin makon nan, domin alamu sun nuna kewarka yake yi, ba hukunci yake nema ba.

Wallahu a'alam.