Na jiƙa zaren gashin kare a bilic don in kashe wari, ya lalace: ina mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Na daɗe ina kaɗin auduga da ulu a mazari, amma gashin kare sai bana na fara. Na yi watanni ina tara gashin da ke zuba daga karenmu, irin Samoyed, duk sanda aka taje shi. Na haɗa shi da ulun tunkiya na kaɗa, zaren ya yi laushi gwanin sha'awa, amma ruwa na taɓa shi sai warin kare ya tashi. Wata ta ce in jiƙa shi a bilic ya kwana, wai zai kashe wari da ƙwayoyin cuta, ya kuma ƙara masa fari, in bai ji ba in ƙara da sodar yin sabulu. Na gwada da rabin zaren. Gari na wayewa na tarar ya yi rawaya, yana yauƙi, ina ja yana tsinkewa. Yanzu kuma wata ta ce ai don ban zuba ruwan khal a cikin bilic ɗin ba ne. Hankalina a tashe yake, domin jikana nake son saƙa wa hula. Za a iya ceto wanda ya lalace? Kuma warin nan zai taɓa fita kuwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin mu je ga maganar zare, don Allah ki nisanta kwalbar khal daga bokitin bilic. Khal tsami ne, kuma duk tsamin da ya haɗu da bilic yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Ita ce iskar da aka yi amfani da ita a matsayin makami a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915. A banɗaki ko ƙaramin ɗakin wanki da ba taga, ba a buƙatar mai yawa kafin mutum ya fara tari yana neman numfashi. Haka in aka haɗa bilic da ammoniya, wani sinadari mai kaifin wari da ke cikin wasu kayan goge-goge, wata gubar ce daban ke tashi. Idan har wani ya riga ya haɗa, ya fita waje ya sha iska nan take, a buɗe ƙofa da tagogi, in numfashi ya yi wuya a tafi asibiti. Wadda ta ba ki wannan shawara ba ta san abin da take wasa da shi ba.

Rabin da ya yi rawaya yana yauƙi kuwa, sai haƙuri, ya tafi. Yauƙin da kika ji a hannu gashin ne da kansa yake narkewa, kuma babu ɗauraya ko man gashi da zai mayar da shi. Ki sa safar hannu ki ɗauraye shi da ruwa zalla, ki zubar. Ki gode wa Allah da kika yi dabarar gwadawa da rabi.

Bari in tsaya a kan wannan magana ta bilic, domin babu makon da ba na cin karo da ita, kuma na gaji da ganin aikin watanni yana narkewa a bokiti. Tushen ruɗanin shi ne auduga. Wanda ya saba da auduga ya san tana jure bilic, tana jure tafasa, tana jure soda. Soda ma ƙara mata ƙarfi take yi, abin da wani masanin rini mai suna John Mercer ya gano ke nan a Ingila a 1844, kuma masaƙu na aiki da shi har yau. Sai mutum ya ɗauka ai zare zare ne, abin da ya yi wa auduga zai yi wa ulu. Alhali auduga daga tsiro take, ulu da gashin kare kuma furotin ne mai suna keratin, irin wanda ke cikin gashin kanki da farcenki. Abin da ke riƙe keratin wasu mahaɗai ne na sinadarin kibiritu tsakanin silin furotin ɗin, kuma su ne ainihin abin da bilic da soda ke tsinkawa. Bilic na gida ma'aunin kaifinsa, wato pH, yana tsakanin 11 da 13, ulu kuwa ya fi samun lafiya a wajen 4 zuwa 5, kuma da zarar an haura 10, musamman a ruwan zafi, ya fara lalacewa.

Ki duba abin da ake sayarwa don buɗe magudanar banɗaki idan gashi ya toshe ta. Mafi yawansa soda ce, wani har da bilic a ciki, kuma aikinsa ɗaya ne, ya narkar da gashi. A ɗakunan gwajin yadi ma, idan ana son a san kashi nawa ne ulu a cikin yadin da aka gauraya da auduga, a ruwan bilic ake jiƙa shi, ulun ya narke ƙurmus, a auna abin da ya saura. To wannan ne ake ba mutane a matsayin maganin wari.

Akwai masu kawo hujja da cewa ai kamfanoni ma suna sa wa ulu kulorin don a iya wanke shi a inji. Gaskiya ne suna sawa, amma ɗan kaɗan ne da aka auna, na ɗan taƙaitaccen lokaci, a ruwa mai ɗan tsami, cikin injinan da ke zuƙe iskar. Nan take a kashe ƙarfinsa da wani sinadarin, sannan a lulluɓe silin da wani siririn ƙaro. Ina wannan, ina bokitin da aka bari ya kwana a bayan ƙofa? Wasu kuma su ce a tsinka bilic ɗin da ruwa sosai, ba zai yi komai ba. Zai yi, sai dai ba za ki gani a ranar ba. Zaren zai fito kamar lafiya lau, ya ɗan yi kaushi, sai bayan an gama saƙa an wanke sau biyu ko uku ya fara ɓulewa a gwiwar hannu da bakin hula, mai shi ta ɗora wa gashin kare laifi ta ce ba shi da ƙwari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ɗaukar bidiyo su nuna zaren bayan minti biyar a bilic, fari tas, su kashe kyamara. Ba wanda ke dawowa ya nuna shi bayan wata guda. Ita kuma soda, ban da zaren, tana ƙona fata, tana makantarwa in ta fantsama a ido. Wadda ta taɓa ta ta wanke wurin da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, in ido ne a wuce asibiti.

Kuma fari ma bilic ba ya ba wa ulu, rawaya yake mayar da shi, kin gani da idonki. Mai son ƙarin fari sai ta nemi ruwan haidurojin ferokzayid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, shi ma ba a barinsa ya kwana, ba a kuma cakuɗa shi da khal a mazubi ɗaya. Gashin Samoyed dai ba ya buƙatar ko wannan, wanki kawai yake so.

Maganar ƙwayoyin cuta ana magance ta tun daga jikin karen. Karen da ke da makero ko ƙazuwa ko gyambo ba a tara gashinsa sam, a kai shi wurin likitan dabbobi, a zubar da abin da aka taje, domin ƙwayar makero tana iya wuce shekara da ranta a jikin gashin da ya zube. Haka ba a tarawa a kwanakin da aka ɗiga masa maganin ƙuma da kaska. Gashin lafiyayyen kare kuwa ruwan zafi da sabulun da ya dace sun ishe shi.

Shi warin, mai ne. Fatar kare tana fitar da maiƙo, ƙananan halittun da ke zaune a fatar suna ci suna barin abubuwa masu wari, ruwa kuma in ya taɓa sai ya taso da su. Idan man ya fita, wari ya fita. Kin ma yi sa'a, Samoyed na cikin karnukan da gashinsu bai cika maiƙo ba, ba kamar Newfoundland da sauran karnukan ruwa ba. Mutanen Salish na gaɓar tekun Fasifik, inda jihar Washington da lardin British Columbia suke a yau, sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon wani farin kare musamman don gashinsa, suna haɗa shi da gashin akuyar dutse suna saƙa barguna. George Vancouver, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya ga karnukan a 1792 ya rubuta labarinsu. Da farar ƙasa suke buga gashin ta tsotse man, tun kafin kowa a wurin ya san bilic.

Ga yadda za ki yi da rabin da ya rage. Ki warware shi daga ƙwallo, ki naɗe shi dogon zobe a bayan kujera, ki ɗaure a wuri huɗu sako-sako don kada ya harɗe. Ki cika roba da ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Celsius, ki zuba sabulun ruwa na wanke kwanuka ko shamfu na kare, ki motsa kafin ki sa zaren. Ki guji garin wanki na inji, yawancinsa na ɗauke da sinadarin da aka yi don cinye tabon jini da ƙwai, wato furotin, kuma ba ya bambanta tabo da ulu. Ki danna zaren ya nutse, ki bar shi minti 20 ba cuɗawa, ba murzawa, ba sakin famfo a kansa. Ki cire shi tun ruwan bai huce ba, don in ya huce man zai koma ya lafe a jikin silin. Ki maimaita sau biyu ko uku. Ruwan ɗauraya ya zama zafinsa ɗaya da na wankin, domin fita daga zafi zuwa sanyi tare da motsi shi ke sa ulu ya cure ya ƙi warwaruwa. A nan ne khal ke da amfani: cokali biyu a ruwan ɗauraya na kusa da ƙarshe, a robar da bilic bai taɓa ba. Ki naɗe a tawul ki danna, ki shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Gwajin gaskiya shi ne bayan ya bushe ƙarau ki jiƙa ɗan guntu ki sansana. In da saura, ki sake wanki. Ɗan ƙanshin jiƙaƙƙen ulu kuwa na tunkiya ne, kowane ulu yana da shi, kuma yana tafiya in ya bushe.

Nan gaba ki wanke gashin kafin kaɗi, a cikin jakar raga. Akwai masu cewa a kaɗa tukuna don gashin kare ya fi riƙe juna da mansa, kuma suna da hujjarsu, amma ni ban yarda ba, domin murza tana kulle datti a cikin zaren, fitar da shi daga baya ya fi wuya. Ki wanke ulun tunkiya daban, shi yana son ruwan da ya kai digiri 60 saboda kakin jikinsa, kuma ɗanyen ulun tunkiya irin Merino na iya rasa kusan rabin nauyinsa a wanki. Saboda haka sai bayan kowanne ya bushe za ki auna ki haɗa. Gashin kare ba shi da lanƙwasa da talewar ulu, in aka kaɗa shi zalla tufar tana saki ba ta komawa yadda take. Ina son kashi ɗaya na ulu a cikin uku, rabi da rabi kuma in na hula ne ko safa. Silin da bai kai santimita 5 ba sai da ulu mai yawa. Ki tsince dogayen gashin sama masu kauri, su ne ke suka, ki bar lallausan na ƙasa. Ki ƙara murza fiye da yadda kika saba yi wa ulu tunda yana da santsi, ki yi amfani da mazari marar nauyi, ki tufka sili biyu ta hannun da ya saɓa wa na kaɗin. Ajiya kuma a jakar takarda ko ta yadi, ba leda ba, don leda na riƙe laima, wari ya ƙaru, fumfuna ta kama. In kin ga alamar asu, ki ƙulle gashin ki sa a firiza mako guda.

Kada kuma wani ya ce ki aske karen don ki mayar da abin da kika rasa da sauri. Askakken gashi gaurayayye ne da na sama, bakinsa a yanke yana suka, karen kuma rana za ta ƙona masa fata, wani lokaci gashin ya ƙi dawowa daidai. Ki jira lokacin zubar gashinsa, mataji zai cika miki jaka.

Game da hular, in jikan naki jariri ne ki dakata, domin zaren gashin kare yana sakin ƙananan sili da kan shiga hanci da baki, ga shi da ɗumi fiye da ulu. In ya tasa, ki tambayi iyayensa ko jikinsa na ƙin kare. Wanki yana rage abin da ke tayar da atishawa da ƙaiƙayi, amma ba lallai ya cire shi duka ba. Ki saƙa ɗan guntu kamar tafin hannu, ki wanke, a ɗaura masa a wuyan hannu na ɗan lokaci ana lura, in fatar ba ta yi ja ba sai ki ɗora hular.