Duma ba a fasa shi, fafewa ake yi

Ajiye zarton nan tukuna, zo ka zauna. Ɗazu da ka ɗauko duma ka ce mini, "Baba, in fasa shi biyu?" na yi maka shiru ne don akwai baƙi a rumfa. Yanzu kuma ka dawo kana tambaya wai mene ne bambancin fasawa da fafewa, tunda ko ta yaya dai abu ɗaya ne zai koma biyu. To yaro, a cikin bambancin nan muke cin abinci.

Wanda ya fasa duma ya yi asara. Abin da fasawa ke haifarwa sakaina ce, ta kwashe shara ko ta ba kaji ruwa. Fasawa ba ta san layi ba, inda ta ga dama nan take bi. Fafewa kuwa aiki ne mai farko da ƙarshe. Ka auna, ka ja layi, ka yanka, ka kwashe totuwa da 'ya'yan, ka kankare ciki har ya yi sumul, sannan a ce ka fafe. Shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa aikin ba yana ɗauka yankan ake nufi, alhali yanka ba ya cin lokaci. Jiƙo da kankara da shanya da fitar da ɗaci, su ke cinye kwanaki. Sabuwar ƙwaryar da ba ta kwana da ƙasari ba, dama fura a ciki ka ga ko za ta haɗiyu.

Ka kuma lura, gora aka ce a karin maganar, shi kuwa gora ba a raba shi biyu, baki kawai ake buɗe masa a rarake cikin. Manyan gorunan da masunta ke hawa a ruwan Argungu lokacin bikin kamun kifi, duk fafe su aka yi, amma kowanne yana nan guda. Ashe ke nan fafewa ba ta nufin biyu dole. Siffar duman ce ke faɗa maka ko biyu zai ba ka ko ɗaya.

Sai "rabi", wadda na ji kana jefa ta ko'ina. Shekaranjiya ka ce wa wata mata wai ga rabin duma ɗaya, ga ɗaya rabin. Kada ka ƙara. Rabi kalmar awo ce: rabin mudu, rabin buhu, rabin kuɗi. Duk inda ka ji rabi, akwai abin da bai cika ba, ana bin sauran. Malamai wajen rabon gado nusufi suke ce mata, kamar yadda suke cewa sulusi da rubu'i, duk lissafi ne. Ƙwarya kuwa da zarar ta fita daga hannunka cikakkiya ce, ba ta jiran 'yar'uwarta. Ka taɓa jin Bafillatana ta ce ta ɗauko nono a rabin duma? Duma ɗaya ya shigo rumfa, ƙwarya biyu suka fita, kuma kuɗin biyu za ka karɓa. Ranar da ka ce wa mai saye rabi, kai da bakinka ka karya farashi.

"Raba" ita ce uwarsu duka, amma ba ta yi wa kowa alkawarin adalci ba. Ana raba abu gida biyu wani gidan ya fi wani, sai an ce "raba daidai" tukuna. Mu ma in ana son ƙwarya mai marfi ɗaga layin muke yi sama, gindi ya yi zurfi, marfi ya tashi ƙarami. An raba biyu, ba a yi rabi da rabi ba.

Wadda na fi so ka riƙe ita ce "ɓari". Miƙo goron nan. Ka ga ban nemi wuƙa ba, farce na sa ya ɓare, domin tun halittarsa yana da mahaɗi. Kowane gefe ɓari ne. Gyaɗa ma haka. Goron hannun-ruwa ne dai ɗan fitina, shi ɓarinsa yakan kai 3 ko 4. Haka ake cewa ciwon ɓarin kai, ko shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye, don jikin mutum yana da dama da hagu. Ba mai cewa ciwon rabin kai sai wanda ke koyon Hausa. A aikinmu ludayi ne mai ɓari. Dumansa mai dogon wuya ne, a tsaye ake yanka shi, layin ya ratsa tsakiyar wuyan tun daga sama har gindi, ɓari biyu su fito kamar tagwaye, kowanne da mariƙinsa.

Nan ne hannu ke tona asirin mutum. Ina kamar shekarunka na taɓa yanka wani da ido kawai, ina ganin na iya. Layi ya karkace a wuya, ɗaya ya fito da mariƙi kamar muciya, ɗayan kamar tsinke. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai daka mini tsawa ba. Mai tsinken ya miƙo mini ya ce da shi zan riƙa shan kunu. Kwana biyu ya karye a hannuna, kunu ya zube mini a cinya, yara suna dariya.

"Tsaga" kuwa ka bar wa masu faskaren itace. A rumfar nan in ka ji an ce ta tsage, sai neman gyartai.

Tashi ka ɗauko zare da gawayi. Zagaya zaren a jikin duman, inda ya fi faɗi, ka tabbata bakinsa ya haɗu da inda ya faro, ka bi shi da gawayi. Kada zarto ya taɓa shi sai ka kawo mini na ga layin.