Fatawa: Ya halatta matasan unguwa su kawar da ɓarna da hannunsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Abubuwa uku ne suka dame mu a unguwarmu. Akwai wani kango da mai shi ya yi watsi da shi, yanzu ya zama matattarar 'yan shaye-shaye, ana sayar da wiwi da ƙwaya a ciki, har ƙananan yara sun fara leƙawa. Akwai kuma wani gidan haya da muke ganin maza suna shiga da fita da dare, mutane na cewa gidan banza ne. Na uku, kusan kowane ƙarshen mako sai an toshe mana layi da kiɗan DJ har ƙarfe ɗaya na dare. Matasan masallacinmu sun ce za su ɗauki gora su tarwatsa duka, su ɗauki bidiyo su sa a Facebook ya zama darasi. Hujjarsu hadisin nan na wanda ya ga abin ƙi ya gusar da shi da hannunsa. Ni hankalina bai kwanta ba, kuma ina tsoron kada shiruna ya zama zunubi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tsoron da kake ji game da shiru yana da tushe. Umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna farilla ce ta kifaya, kamar yadda aya ta 104 cikin Ali Imrana ta nuna: idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya kau da kai duk mai iko ya yi laifi. Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin mutanen da suka hau jirgin ruwa, na ƙasa suka ce bari mu huda wajenmu mu ɗebi ruwa. In na sama suka ƙyale su, da su da su duk za su nutse. Kangon da ake sayar wa yara ƙwaya irin wannan hudar ce. Duk da haka abin da matasanku suka shirya bai halatta ba.

Hadisin da suka kawo ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Abu Sa'idil Khudri. Amma su duba inda Abu Sa'id ya karanta shi. Marwan, mai mulkin Madina a lokacin, shi ne ya gabatar da huɗuba kafin sallar Idi, wani mutum ya miƙe ya ce salla ake fara yi, Marwan bai saurare shi ba, sai Abu Sa'id ya ce wannan mutum ya sauke abin da ke kansa. Da baki kawai ya yi magana, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin ya ƙirga masa cewa ya sauke nauyi. Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala na fiƙihun Malikiyya, ya ɗora wajibcin hannu a kan wanda aka shimfiɗa wa iko a bayan ƙasa da wanda hannunsa zai iya kaiwa. Uba yana da hannu a gidansa, mai kango a kangonsa, shugaban makaranta a makarantarsa, hukuma a kan titi da kasuwa. Duka da ɗauri da aske kai da cin tara da korar mutum daga unguwa kuwa hukunci ne, haddi ko ta'aziri, kuma alƙali ke yanke shi bayan ya ji shaida ya ji ta bakin wanda ake tuhuma. Abu ɗaya aka keɓe: ka ga ana sarar mutum ko ana jan yarinya za a yi mata fyaɗe, nan ceto ya wajaba nan take gwargwadon abin da zai tunkuɗe cutar, da an kuɓutar da wanda aka zalunta kuma sai a miƙa mai laifi ga hukuma ba tare da an ƙara masa ko mari ba.

Malamanmu na Malikiyya, irin su Ibn Rushd kaka da Ƙarafi, sun kafa sharuɗɗa uku. Mai hanin ya san cewa abin da yake hanawa abin ƙi ne a shari'a, ya amince hanin ba zai haifi ɓarnar da ta fi ta farko ba, sannan ya kyautata zaton maganarsa za ta yi amfani. In aka rasa ɗaya daga biyun farko hanin kansa ya haramta. In na ukun aka rasa, wajibci ne ya faɗi, halacci yana nan. To ku auna shirin matasanku da sharaɗi na biyu. Masu zaman kango ba hannu rabbana suke ba, akwai wuƙa, akwai adda, kuma da yawansu suna da daba a bayansu. Za a zubar da jini, a dawo ramuwar gayya bayan kwana biyu, dilan ya koma wani kangon a layin baya, 'yan sanda su kwashi yaran masallaci, wanda ke sayar da ƙwayar ya zama shi ne mai ƙara. Wanda ya fasa janareto ko lasifikar mai DJ zai biya, domin dukiya ce mai ƙima da ake amfani da irinta har a wajen wa'azi. Wanda ya ji wa mutum rauni ko ya kashe, ƙisasi ko diyya na kansa, kyakkyawar niyya ba ta kankare su.

Batun gidan hayar nan shi ya fi ba ni tsoro, domin a nan ne mai neman lada ke faɗawa cikin babban zunubi yana murna. Ka ce "mutane na cewa". Wa ya gani, kuma me ya gani? Namiji ya shiga gida da dare ba zina ba ce. Mai sayar da abinci tana da masu zuwa, bazawara tana da manema, ma'aikaciyar asibiti tana aikin dare a kawo ta a mayar da ita. Allah ya hana bin zato da leƙen asiri cikin Hujurati aya ta 12, ya hana shiga gidan wani ba izini cikin Nuri aya ta 27. An taɓa kawo wa Ibn Mas'ud wani mutum aka ce gemunsa na ɗigar giya, ya ce an hana mu bincike, amma in wani abu ya bayyana gare mu za mu kama da shi. Abu Dawud ya ruwaito. Wanda ya kira mace mazinaciya bai kawo shaidu huɗu da suka gani da idonsu ba, Nuri aya ta 4 ta yanke masa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa, a kira shi fasiƙi. Wato da za a je gaban alƙali yau, da alama masu gorar ne za a fara shimfiɗewa.

Ɗaukar bidiyo a watsa haramun ne ko da zargin gaskiya ne. Aya ta 19 cikin Nuri ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kuma wanda ya tura wa wani yana da kasonsa na zunubin. Bulalar haddi takan ƙare cikin mintuna, mutum ya tashi ya tuba ya yi aure. Bidiyo kuwa yana nan bayan shekara goma, 'ya'yanta su girma su tarar da shi. Abin da ya halatta gare ku shi ne ku yi magana a kan abin da ya fito fili ya cutar da maƙwabta, kamar hayaniyar dare ko shigar banza a ƙofar gida. A tura dattijai mata biyu su zauna da matan gidan a asirce, dattawa biyu ko uku su ga mai gidan ko dillalin da ya ba da hayar. In ya tabbatar da ɓarna, yana da damar ƙin sabunta haya tare da ba da wa'adi yadda doka ta tanada, ba a watso wa mutum kaya kan titi.

Kangon ne ɓarnarsa ta bayyana, kuma a nan aikinku yake da yawa. Ku fara da mai shi. Mai unguwa yakan san shi, tunda galibi da saninsa ake cinikin fili. A gaya masa ya katange, ya sa ƙofa da kwaɗo, ko ya zaunar da maigadi. Bayan an sanar da shi, duk abin da aka aikata a ciki yana da alhaki a kansa in ya yi sakaci alhali yana da iko. Sannan a rubuta takardar koke. Ƙorafin baka shi ne ya fi kashe irin wannan magana, domin gobe kowa zai ce bai ji ba. A rubuta inda kangon yake, sa'o'in da ake taruwa, irin kayan da ake sayarwa, da kwanan watan abin da aka gani da ido, a bar jita-jita a waje. Liman da mai unguwa da kwamitin unguwa su sa hannu a tare, kada a bar sunan mutum ɗaya tilo ya zama abin farauta. A yi kwafi, a kai ofishin NDLEA, wadda tun 1989 aka kafa ta don wannan aikin, a kai wa DPO, a kai wa Hisbah inda take, kamar Kano da dokar jiha ta kafa hukumarta a 2003, kuma a tsaya a buga hatimin karɓa a kwafin da za ku riƙe. In akwai kemis da ke sayar wa yara maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi tun watan Mayun 2018, ko tiramadol ba takardar likita, wannan na NAFDAC ne da hukumar da ke ba masu sayar da magani lasisi. Inda babu Hisbah, kamar Nijar ko zangunan Ghana, mai gari ko sarkin zango da jami'an tsaro su ne hanya.

Kurakurai uku kan lalata wannan aiki: na ɗaya, a yi shela a lasifikar masallaci kafin jami'ai su zo, dila ya kwashe kayansa; na biyu, a yi kame a bar kangon a buɗe, bayan mako guda a cika shi; na uku, a kai takarda sau ɗaya a koma gida. In mako biyu ya wuce ba motsi, ku ɗauki kwafin nan mai hatimi ku je wajen dagaci, daga nan hakimi da shugaban ƙaramar hukuma.

Ku kuma rarrabe mai sayarwa da mai sha. Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Yaron da ƙwaya ta kama jikinsa marar lafiya ne bayan kasancewarsa mai saɓo, kuma yanke masa tiramadol farat ɗaya ba kulawar likita yana jefa shi cikin wahala mai tsanani har ya koma. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato. Kada a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa ana dukansa. Abin da aka gani a gidajen marin da hukuma ta rufe a 2019 ya isa ishara.

Biki kuwa asalinsa halal ne, har Annabi (SAW) ya tambayi Nana A'isha ko ba su tafi da abin wasa ba lokacin kai wata amarya, domin Ansar suna son wasa. Kada ku shiga jayayya da mai biki a kan abin da malamai suka yi saɓani. Ku tsaya a kan wanda ba mai musu: cakuɗuwar maza da mata ana rawa da tsiraici, hana marar lafiya barci, da toshe hanya, alhali kame cuta daga masu wucewa yana cikin haƙƙin hanya da hadisi ya lissafa. Ranar biki ba ranar nasiha ba ce, an riga an biya mai DJ, baƙi sun cika, uban amarya ba zai yarda a kunyata shi ba. Ku yi yarjejeniyar unguwa tun babu bikin kowa a gaba: lokacin tashi, misali ƙarfe goma, a kashe sauti lokacin salla, a bar hanyar da mota za ta wuce. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya karanta, kuma da an sa rana a tuna wa mai biki. Ta hau kan attajiri kamar yadda ta hau kan talaka, in ba haka ba ranar da aka ɗaga wa Alhaji ƙafa ta mutu. Ta hau kan masallaci ma, domin lasifikar wa'azi da ke kai tsakar dare tana hana marar lafiyar nan barci daidai da ta DJ. Maƙwabcin da ba Musulmi ba ba a tilasta masa hukuncin addininku cikin gidansa, amma ƙa'idar hanya da ƙara ta kowa ce, a gayyace shi a yi ta tare da shi.

Zan ɗan ratse. Sau da yawa jininmu kan hau a kan kiɗa da sutura, mu yi shiru ga tauye mudu, algus a hatsi, satar wutar lantarki, gini a kan magudanar ruwa da sayar da ƙuri'a. Annabi (SAW) a kasuwa ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kwamitin da ya ga kango bai ga mudun shugabansa ba, matasa ba za su saurare shi ba.

Game da kai kanka: in ka yi nasiha, ka kai ƙara inda ya dace, ka bibiya, to ka sauke nauyi ko da abin bai gushe ba. Abin da ya rage ƙi da zuciya, kuma alamarsa ita ce kada ka zauna inda ake yi, kada ka ba da gidanka ko kuɗinka a yi da su. Matasan kuma kada a watsar da zafinsu, a ba su aiki: su yi karo-karo a sa fitila a lungun kangon, su share ciyawar da ta rufe shi, in kuma sintiri za su yi, ya kasance da rajista a ƙarƙashin mai unguwa da sanin DPO, wanda suka kama su miƙa shi a daren ba tare da sun taɓa lafiyarsa ko sun ɗauke shi hoto ba.

Allah ne mafi sani.