Me Ya Sa Fulogin Injin Kwale-kwalena Yake Yawan Yin Baƙi?

Tambaya: Malam, ina da injin kwale-kwale mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai. Kusan duk mako biyu sai na canza fulogi, kuma in na kwance shi sai in gan shi baƙi ƙirin, a jiƙe sharkaf. Da safe da ƙyar yake tashi, in ya tashi kuma sai tari da hayaƙi. Nakan ɗan ƙara mai fiye da ƙa'ida don gudun kada injin ya kama, kuma yawancin aikina a hankali nake tafiya saboda jan raga. Fulogin ne ba na kirki ba, ko injin ne ya gaji?

Amsa: Malam, daga bayaninka ina kyautata zaton injinka bai gaji ba, kuma fulogin da kake zubarwa yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Abin da ake ba injin ya sha, da yadda ake tafiyar da shi, su ne ke kashe su.

Bari in fara da yadda fulogi yake. Wannan farin tangaran da ke bakinsa yana buƙatar zafi sosai, kimanin digiri 450 zuwa sama, kafin ya riƙa ƙone dattin da ke sauka a kansa. In bai kai wannan zafin ba, sai kunkunniya ta riƙa taruwa a hankali. Ita kuwa kunkunniya tana ɗaukar wutar lantarki. Da zarar ta lulluɓe tangaran, wutar da ya kamata ta yi tsalle a bakin fulogi ta kunna fetur sai ta sulale ta jikin dattin ta wuce. Tarin da kake ji ke nan: fistin ya matse fetur, wuta ba ta zo ba, ɗanyen fetur da mai suka sake wanke fulogin.

To, ƙarin man nan da kake yi. Na san da kyakkyawar niyya kake yi, kuma tsoronka yana da tushe, domin injin da ya rasa mai yakan kama cikin 'yan mintoci. Amma man da ya wuce kima ba ya ƙara wa injin kariya. Ba ya ƙonewa duka, sai ya daskare a bakin fulogi, da bayan ringi, da hanyar fitar hayaƙi. Yawancin irin waɗannan injuna ma'auninsu 50:1 ne, wato mililita 20 na mai a kowace lita ɗaya ta fetur. Lita 10 tana cin mililita 200, lita 25 kuma rabin lita cif. Akwai tsofaffin injuna masu son 25:1, akwai kuma waɗanda kamfaninsu ya rubuta 100:1, don haka ka duba littafin injinka ko takardar da aka manna a jikinsa, ka bi abin da ke nan. Ka samu gwangwani mai layin awo ko babban sirinji, ka daina aune da ido. Ka fara zuba man a tanki da ɗan fetur kaɗan, ka jijjiga sosai, sannan ka cika.

Irin man ma abin dubawa ne. Ka nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, domin shi aka yi wa injunan da ruwa ke sanyayawa, kuma ba ya barin toka. Man babur an yi shi ne don injin da iska ke sanyayawa, wanda ya fi naka zafi nesa ba kusa ba. Baƙin man mota kuwa kada ma ka kusance shi.

Sai maganar tafiya a hankali. Injin da ya wuni yana sulo ba ya ɗaukar zafin da zai wanke fuloginsa. Ba zan ce ka bar jan raga ba, sana'arka ce. Amma in ka gama, ka buɗe masa totur na minti goma ko sha biyar a hanyar komawa, ya ƙone abin da ya tara. Ka kuma tabbatar ka mayar da cok da zarar injin ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai abu guda da nake roƙonka ka duba tun kafin ka sayi wani fulogin: tamostat, wato 'yar na'urar da ke daidaita zafin injin. An taɓa kawo mini wani inji mai irin wannan ciwon, an canza masa fulogi har an gaji, an wanke kafireta sau biyu. Na bar shi yana aiki kwata na awa, na ɗora tafin hannu a kan silinda, sai na ji ta da ɗan ɗumi kawai, kamar ba ta yi aiki ba. Da na kwance murfin, gurbin tamostat wayam. Wani ya cire ya jefar wai don kada injin ya yi zafi. Wannan ɗabi'ar tana damuna ƙwarai. Injin kwale-kwale ruwan da yake kai yake zuƙa, mai sanyi, ba iyaka. Tamostat ce ke tsare ruwan har sai zafi ya kai kimanin digiri 50 zuwa 60. In babu ita, ko ta maƙale a buɗe, injin zai yi ta aiki a sanyaye, fulogi kuwa ba zai daina baƙi ba ko da wane iri ka ɗaura.

Yanzu fetur. Fetur ba ya son ajiya. Bayan wata guda ko makamancin haka, ɓangarensa mai saurin kamawa ya fara tsiyayewa a iska, shi ya sa tsohon fetur ke wahalar da tashin inji da safe. Wanda ya daɗe a cikin kafireta kuma yakan bushe ya bar wani danƙo ja-ja mai wari kamar tsohon fenti. Danƙon nan yana toshe ƙananan ramukan jet, ko ya hana allurar da ke tsayar da fetur rufewa, sai kafireta ta riƙa ambaliya, fulogi ya jiƙe. Ka haɗa iya wanda za ka ƙarar cikin mako biyu ko uku. In za ka ajiye injin, ka kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kofin kafireta ka tsiyaye shi tas.

Ruwa kuma shi ne babban abokin gaba. Yana shiga ta murfin tanki, ta ramin shaƙar iska in an bar shi a buɗe cikin ruwan sama, da kuma raɓar da ke taruwa a tankin da ke rabi. In feturin da kake samu mai itanol ne, wato sinadarin barasa da ake gauraya wa fetur, irin wanda ake kira E10, abin ya fi muni, domin itanol yana jawo danshi. In ya sha ya ƙoshi sai ya rabu da fetur, shi da ruwan su kwanta a ƙasa, daidai inda tiyo yake zuƙa. Gwajin ba wuya: ka karkata tankin, ka tatso daga can ƙasansa cikin kwalba mai garau, ka ajiye ta minti biyar. In akwai ruwa za ka ga layi ya fito ƙarara, ruwa a ƙasa, fetur a sama. In ka ga haka, ka juye tankin gaba ɗaya, a fili, nesa da wuta da taba. Filtar da ke raba ruwa da fetur, mai maikiron 10 (awon ƙanƙantar ramukanta ke nan), tana da amfani matuƙa in kana da wurin ɗaura ta.

Game da fulogin kansa, ka riƙe lambar da kamfani ya ba injinka. Za a iya ba ka shawarar ka sa fulogi mai zafi, wato wanda bakinsa ya fi riƙe zafi, don ya daina baƙi. Ni ba na goyon bayan haka sai an gyara sauran, domin fulogin da ya cika zafi yana iya huda kan fistin ranar da ka buɗe wuta. A tsarin kamfanin fulogi na NGK, ƙaramar lamba ita ce ta fi zafi, kuma in ka ga -10 a ƙarshen lambar, tazarar bakinsa milimita 1.0 ce. Ka ɗaura shi da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara kamar rabin zagaye da sifana in sabo ne.

Ka gyara awon mai, ka zuba sabon fetur, ka duba tamostat, ka sa sababbin fulogi, ka yi aiki kwana uku, sannan ka kwance su ka duba. In bakinsu ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, ka warke. In baƙi ne busasshe kamar gawayi, fetur ya fi iska yawa, a koma kan kafireta da cok. In ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a jikinsa, ruwa yana shiga silinda, a duba gasket ɗin kan silinda ba tare da ɓata lokaci ba. In kuwa har yanzu ɗaya kaɗai ke fitowa baƙi a jiƙe, to ka sa bakanike ya gwada ƙarfin wutar wannan silindar, ya kuma auna matsinta ya kwatanta da na 'yar'uwarta.